Bindigar da Aka Ɗaure da Wutsiyar Sa

Akwai wani manomi a Gude, ta ƙasar Kabo, ana kiransa Mijinyawa. Ya yi zamaninsa ne lokacin da gyaɗa ke da daraja, ana jera buhuna a birnin Kano har su zama dala, manyan motoci na shiga ƙauyuka suna kwasa. Iyayensa makiyaya ne da suka gaji da yawo suka kafa gida, don haka ya tashi da sanda a hannu, ya girma da garma a kafaɗa.

Mutum ne mai ƙwazo, wannan kam ba mai hana shi. Ba ya cin iyakar gonar kowa, ba ya kwana da haƙƙin ɗan ƙodago. Aibinsa guda ne, amma ya ishe shi: bai iya a yi masa dariya ba. Gara ka mare shi a tsakiyar kasuwa da ka ce an cuce shi a ciniki.

To, sai Allah ya haɗa shi da taubashi irin Jalo.

Jalo ɗan Gwaggo ne, ƙanwar mahaifin Mijinyawa. Ɗan mace da ɗan namiji ke nan, abokan wasa tun suna bin maruƙa. Kun san yadda abin yake. Taubashi zai tsige maka hula a bainar jama'a, ya ɗauki takalminka ya sa ya tafi, ya kira ka bawansa a gaban surukanka, kuma ba ka da ikon yin fushi. In ka yi fushi, kai ne ka ji kunya.

Jalo kuwa gwani ne. Akwai shekarar da Mijinyawa ya sayo jaki a kasuwar Gwarzo, sai da aka zo gida aka gane ido ɗaya ba ya gani. Jalo ya riƙe wannan magana kamar gado. Ko a wajen suna suka haɗu, sai ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya dinga tafiya a karkace, yana cewa, "Ku ba ni hanya, ni ne abin hawan maigida Mijinyawa." Mutane su yi ta faɗuwa don dariya. Mijinyawa sai dai ya yi yaƙe. Duk da haka yana son Jalo fiye da 'yan'uwan da suka fito ciki ɗaya. In Jalo ya yi tafiya, ko fura ba ta yi masa daɗi.

Wata shekara gyaɗa ta yi albarka irin wadda tsofaffi suka daɗe ba su gani ba. Bayan awo, kowa ya shiga cika burinsa. Wasu suka yi rufin kwano, wasu suka sayo rediyo. Jalo ya sayi keke. Mahaifinsa, Baba Dabo, ya biya kujerar Makka.

Shi kuwa Mijinyawa bindiga yake so. Gonarsa tana bakin rafi, birai kuma sun mayar da ita gidan kakarsu. Da zarar gyaɗa ta fara ƙwari sai su fito garke guda su yi ta tonawa, in ya jefe su da hoge su zauna nesa kaɗan suna kallonsa suna ɓare masa gyaɗarsa a ido.

A kasuwar Gwarzo aka nuna masa rumfar wani maƙeri mai suna Nata'ala. A gaban rumfar fartanya ce da lauje da gatari. Bindigogin suna can baya, a naɗe cikin tabarma, sai wanda aka ga alamar da gaske yake ake warware wa.

Nata'ala ya zaro wata adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daka da tsinken ƙarfe. An goge gindinta da man gyaɗa yana ta sheƙi, an jera mata ƙananan ƙusoshin tagulla kamar adon ƙwarya.

Nata'ala ya ce, "Malam, ɗauki ka ji nauyi. Wannan ƙarfen sitiyarin babbar mota ne, ni da kaina na ciro shi. Ba irin tarkacen nan ba ne da yara ke haɗawa da bututun famfo."

A al'adar masu sayen irin wannan bindiga, ba a biya sai an gwada. Akan fita bayan gari, a cika ta fiye da ƙa'ida, a ɗaure ta a jikin bishiya, a ƙulla doguwar igiya a kunama, kowa ya koma nesa sannan a ja. In ta jure, ta ci jarrabawa. In ta fashe, bishiya ce ta ji ciwo.

Mijinyawa ya san da wannan. Har ya buɗe baki ya ce, "To, ba ma fita mu ɗaure ta ba?"

Nata'ala ya dubi mutanen da ke zaune a rumfar, ya yi murmushi. "Ikon Allah. Na zaci maharbi ne ya zo mini. Ai wanda ya san ƙarfe, da ido yake gwaji. Amma in tsoro kake ji, a kawo igiya."

Wani daga gefe ya yi 'yar dariya. Wannan 'yar dariyar ce ta sayar da bindigar. Mijinyawa ya ƙwanƙwasa bututun da farce kamar wanda ya san abin da yake saurara, ya gyaɗa kai, ya biya, ya saɓa abarsa.

Da ya iso Gude kuwa, ƙasa ta yi masa kaɗan. Da la'asar ya fito da ita gindin tsamiyar ƙofar gari, inda maza ke hira, ya ɗora a cinya yana shafawa. Jalo ya iso a kan sabon kekensa yana kaɗa ƙararrawa.

Mijinyawa ya ce, "Kai bawa, sauko ka gai da ubangidanka. Maza na sayen kayan maza, kai ka sayo abin wasan yara."

Jalo ya jingine keken, ya zagaya bindigar yana leƙawa ta baki. "Ita kuma wannan da wane idon take gani, na dama ko na hagu?"

"Ranar da ta yi magana, kai da kekenka sai an tsamo ku daga rafi."

Aka yi ta shewa. Ranar dai Mijinyawa ne ya yi nasara, don kowa ya yaba bindigar. Har mutanen Gammo, maƙwabtan Gude, suka ji labari, wasu suka tako don su gani.

Daɗin bai daɗe ba.

Fitarsa ta farko, ya tarar da zabin daji suna kiwo a wata saura. Ya lallaɓa, ya durƙusa, ya auna, ya ja kunama. Ƙas! Shi ke nan abin da ta ce. Zabin suka ɗaga kai suka dube shi, suka ci gaba da tsince-tsincensu.

Ya ce albarushin ne ya yi sanyi, ya shanya shi a rana. Fita ta biyu, ya ja kunama, shiru. Ya sauke ta yana tsaki, bakinta na kallon ƙasa, sai a lokacin ta ga dama ta tashi. Ta haƙa rami dab da babban yatsan ƙafarsa. Ya daɗe a tsaye yana salati. A hanyar komawa gida wata ƙusa ta zame daga jikin kunamar ta ɓace a ciyawa, ya maye gurbinta da guntuwar waya.

Mai hankali da nan ya tsaya. Amma duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce, "Ai ban ga abin da ya cancanci harsashina ba tukuna."

Fita ta uku ce ta tona asiri. Ya harbi wani zomo, bindigar ta tashi, amma rabin wutar ta gefe ta fito, kusa da gindi, daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Hayaƙi ya bugi fuskarsa, ya babbake masa gira da gefen gemu. Da idonsa ya washe, ya goge wurin da bakin riga ya duba. Ga tsaga nan siririya kamar zare, ta bi miƙaƙƙen layi. Layin ɗinkin bututu ne. Bututun famfo aka goge, aka shafa masa baƙi, aka sayar masa.

Ya zauna a kan kututture, ransa ya yi baƙi ƙirin. Ku kuma lura, jama'a, bai fara tunanin cewa ya tsallake mutuwa ba. Fuskar Jalo ya fara gani, da irin tafiyar da zai ƙirƙiro a kan wannan.

Matarsa Asiya ce kaɗai ta gani. Tana ganin girarsa ta ajiye taɓarya.

"Malam, me ya same ka?"

"Kara nake ƙonawa, iska ta juyo."

"Kara ba ya warin albarushi."

Ya ga ba mafita, ya nuna mata tsagar. Ta sa yatsa ta shafa, ta janye hannu da sauri. Ta ce, "Ka jefa ta tsohuwar rijiyar bayan gida. Asara ce, an yi an gama. Allah ya tsare gaba."

"Ki rufe bakinki. In na ji maganar nan a bakin wata mace, ke kika fitar."

Ranar kasuwa ya naɗe bindigar a buhu ya koma Gwarzo. Ya jira sai da rumfar ta yi sauƙi, sannan ya matsa ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Nata'ala ko kunya bai ji ba. Ya duba tsagar ya taɓe baki. "Kai ka cika mata ciki. Ni lafiya lau na ba ka ita."

"Ka ce mini sitiyarin mota ne."

"Na ce maka a kawo igiya, ka ce ba ka so, a gaban shaidu. In ƙara za ka kai, bismilla, ga hanyar alƙali can. Sai dai ka tafi da takardar izinin riƙe bindiga, don ita za a fara tambayarka. Kuma kafin azahar duk kasuwar nan ta san yadda aka yi."

Mijinyawa ya fara mayar da bindigar cikin buhu. Macuci kuwa ya san inda ya kama shi, sai ya sassauta murya kamar mai ba da shawarar arziki.

"Abu ne mai sauƙi. Je ka mahauta ka samo fatar wutsiyar sa, ɗanya, wadda aka zare ba a tsaga ba. Ka zura bututun a ciki har ta rufe wurin. In ta bushe za ta kama shi kamar ƙarfe. Sai ka dinga rage ɗuri, kada albarushin ya wuce yatsa biyu."

Haka ya yi. Fatar ta bushe ta ɗame, ta rufe tsagar ruf, har da ɗan gashi baƙi da fari a jiki. Abin haushi, sai bindigar ta ƙara kyau. Da aka tambaye shi a gindin tsamiya, ya ce ai haka manyan maharban gabas ke yi don kada gumi ya sa hannu ya zame. Aka ce lallai Mijinyawa ya san kan abin nan.

Amma shi bai yarda da fatar ba, ko kaɗan. Bai sake harbawa ba. Ya rataye ta a zaurensa, inda duk mai shigowa zai gani, ya ce yana tanadin albarushi ne sai birai sun fito da damina. Asiya ta sake yi masa maganar rijiya, ya yi kamar bai ji ba. Wai in ta ɓace, me zai ce wa mutane?

Ana nan, bazara ta kama, aka aiko cewa jirgin su Baba Dabo ya sauka a Kano, kuma mota za ta kawo shi Gude da hantsi. A wancan zamanin dawowar alhaji ba ƙaramin abu ba ne. Gari kan fita tarye, mata na guɗa, masu bindiga na harbi sama don ƙauyukan kewaye su san baƙon Makka ya iso. Aka gayyato wasu dattawa daga Gammo da tsofaffin bindigoginsu.

Da safiyar ranar, zauren Mijinyawa ya cika da baƙi ana shan fura. Sai ga Jalo cikin sabuwar riga, bakinsa har kunne. Ko zama bai yi ba, ya miƙa hannu ya sauko da bindigar daga bango.

"Bawana, yau na karɓe wannan. Ubana zai sauka, a ce mutanen Gammo ne za su yi masa harbi, ɗansa na tsaye da hannu sake?"

Mijinyawa ya miƙe zumbur. Ya yi ƙoƙarin dariya. "Ajiye, kada ka harbe kekenka. Wannan ba ta san hannun bayi ba."

"Yau za ta sani."

"Ba ni da albarushi."

Jalo ya buga aljihu. "Na sayo nawa. Na san halinka, ko tokar murhu ba ka bayarwa."

Baƙi suka fashe da dariya. Gwaggo, wadda ta leƙo karɓar aron tabarmi, ta ce daga bakin ƙofa, "Haba Mijinyawa, bar wa ɗan'uwanka mana. Yau ranar farin cikinsa ce."

Ya ce, "To, Gwaggo."

Asiya tana jin komai ta bayan zana. Ta aika aka kira shi ciki. Tana ganinsa ta kama bakin rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ka faɗa masa."

"A gaban mutanen Gammo? Su da suka tako takanas suka zo kallonta?"

"To ja shi gefe."

"Jalo ne fa. In na faɗa masa a kunne, kafin na juya ya faɗa wa gari da waƙa." Ya fizge rigarsa. "Ni zan ɗura masa da hannuna, ɗan kaɗan. Ba abin da zai faru."

Da wannan ya lallashi zuciyarsa har suka isa ƙofar gari. Amma a can abin ya fi ƙarfinsa. Harbin murna daban yake da na farauta. Ba a sa harsashi, ƙara ake nema, don haka akan tula albarushi, a cusa tsumma, a daka shi tam har tsinken ya dinga tsalle. Dattawan Gammo suna ta yin nasu, kowa na cika baki cewa tasa ce za a ji har Kabo.

Mijinyawa ya miƙa hannu. "Kawo na ɗura maka."

"Don ka sa mini na kashe sauro? Ja can."

Jalo ya tsugunna ya fara zubawa. Mijinyawa na kallo ya wuce yatsa biyu, ya ninka, bai tsaya ba.

"Jalo, rage."

"Jama'a, ku zo ku ga rowa! Albarushin nawa, kuɗin nawa, amma cikinsa ke ciwo."

Aka sake kwashewa da dariya.

A nan ne fa abin yake, kuma a nan nake jin haushin mutumin nan. Wasan taubasai yana da birki, kowa ya sani. In ɗaya ya ɗaure fuska ya ce, "Wallahi ba wasa nake ba," to wasa ya ƙare, ɗayan zai tsaya ya saurara. Kalmomin suna kan harshen Mijinyawa. Ya san in ya furta su Jalo zai ajiye bindigar nan take, ya tambaye shi dalili, shi kuma dole ya faɗa.

Ya dubi dattawan Gammo. Ya dubi mutanen gindin tsamiya da ya yi wa bayanin maharban gabas. Ya ce a ransa, wataƙila fatar ta riƙe. Ya haɗiye maganar.

Can aka hango ƙura, aka ji ƙahon mota. Yara suka ruga, mata suka ɗauki guɗa. Motar ta tsaya, ga Alhaji Dabo a gaba kusa da direba, cikin fararen kaya da rawani, yana ɗaga hannu. Mutanen Gammo suka saki nasu ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe.

Jalo ya fito fili, ya kama bindigar da hannun hagu daidai kan fatar, ya ɗaga bakinta sama. Ya waiga yana neman taubashinsa.

"Ina bawan nan? Zo ka ga yadda ake harbi!"

Mijinyawa yana tsaye kusa da shi. Bai san lokacin da ƙafafunsa suka fara ja da baya ba. Ya ja, ya ƙara ja, har ya kewaya bayan tsamiya ya manne da ita, ya rufe fuska da hannun riga.

Ƙarar ba irin ta sauran ba ce. Guɗa ta tsaya cak. Da hayaƙi ya yaye, Jalo na durƙushe, gindin bindigar a gefe guda, bututun ya buɗe kamar ɓawon rake. Yana kallon hannunsa na hagu, bai ko yi ihu ba. Gwaggo ce ta yi.

Alhaji Dabo bai taka ƙofar gidansa ba ranar. Motar da ta kawo shi ita ta juya da su birni, ɗansa a kan cinyarsa, fararen kayan Makka sun rine. Abincin da aka dafa na tarye haka aka rarraba shi gida-gida, ba mai iya ci.

Kafin hankalin mutane ya dawo, Mijinyawa ya tsince gutsattsarin bindigar ya zuba a buhu. Da yamma ya jefa su rijiyar da aka daɗe ana roƙonsa ya jefa. Asiya na tsaye tana kallonsa, kuma daga ranar ba ta sake ɗaga maganar ba.

Gari ya yanke hukuncinsa. Aka ce ƙaddara ce, kuma Jalo ne ya cika ɗuri. Har ana cewa, "Ai Mijinyawa ya ce masa ya rage, muna wurin, bai ji ba." Mijinyawa na jin ana wanke shi, ya sunkuyar da kai, aka ɗauka alhini ne.

Sai da damina ta zauna Jalo ya dawo. An yanke masa hannun hagu daga wuyan hannu, kunnen hagu kuma ya daina ji. Garma hannu biyu take so, tatsar saniya ma haka. Kekensa yana jingine a zaure, ƙura ta rufe sirdin.

Mijinyawa ya ɗauki gonar Jalo ya haɗa da tasa. Shi ne huɗa, shi ne noma, tun asuba har rana ta take. Gari na ta sa masa albarka. Wata rana Gwaggo ta zo har gida da ƙwaryar man shanu, ta zauna tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka yafe wa ɗan'uwanka, ya lalata maka bindigarka mai tsada, ga shi kuma kai ke wahala a gonarsa."

Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya ce, "Ba komai, Gwaggo." Man nan har ya lalace bai iya sa shi a baki ba.

Yakan je gaishe da Jalo, amma sai ya tabbatar akwai mutane. Ya yi ta kauce wa su zauna su biyu, har ranar da Jalo ya same shi a gonar. Gyaɗa ta fara fure. Jalo ya zo a hankali, hannun rigarsa na hagu a ɗaure, ya zauna a kan kunya.

"Sannu da aiki."

"Yawwa. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

Mijinyawa ya jira tsokana, ko da guda ɗaya ce. Har ya gwada jawo ta da kansa. "Bawa ya zo duba aikin ubangidansa ke nan?"

Jalo bai yi murmushi ba. Ya ɗauki ɗan hoge yana murzawa da yatsun da suka rage masa.

"A asibiti ba abin da mutum ke yi sai tunani. Na yi ta juya ranar nan a kaina. Abu ɗaya ne ya ƙi zama, shi na zo tambayarka."

"Ina ji."

"Da na ɗaga bindigar na waiga ina kiranka, na gan ka. Mutanen Gammo sun yi harbi a gabanka ba ka motsa ba. Ni da na ɗaga taka, sai ka koma bayan tsamiya ka rufe fuska. Me ka sani?"

Fartanyar ta zame daga hannun Mijinyawa. Ya nemi ƙarya ya rasa, ya durƙusa a cikin kunyar gyaɗa.

Jalo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyaɗa kai. "Na gane."

"Jalo, tsaga ce. 'Yar ƙarama. Na zaci fatar..."

"Tun yaushe?"

"Tun rani."

"Tun rani." Jalo ya zubar da ƙasar da ke hannunsa. "Da ka faɗa mini, ka san me zan yi? Dariya zan yi maka. Na yi maka ta wata guda, ko shekara, na haɗa maka da waƙa. Iyakar abin da zan iya ke nan, Mijinyawa. Dariya. Ita ka auna da hannuna, ka ga ta fi shi nauyi."

"Ka yafe mini, don girman Allah."

"Yafiya tsakanina da Ubangijina ce, zan yi ƙoƙari. Ba zan faɗa wa Inna ba, don tana sonka, kuma ta tsufa. Baba ma ba zai ji daga bakina ba."

Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya ya miƙe da ƙyar. Mijinyawa ya zabura zai taimaka masa, ya kauce. Ya gyara rigarsa, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

"Mun gode da ɗawainiya, Malam Mijinyawa. Allah ya saka da alheri. A gai da iyali."

Ya juya ya tafi.

Sun rayu shekaru masu yawa bayan haka a gari ɗaya, masallaci ɗaya. Jalo ya cika alkawari, bai faɗa wa kowa ba. Yakan tsokani sauran taubasansa, ya sa gindin tsamiya ya kaure da shewa kamar da. Amma da Mijinyawa ya iso, sai ya gyara zama ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya yi shiru. Mutane har yabawa suke, wai dubi yadda girma ya zo wa mutanen nan, sun daina wasan yara.

Mijinyawa ya samu abin da ya nema, ba wanda ya taɓa yi masa dariya a kan bindigar nan. Ya tsufa yana zama a gefen taro, yana satar kallon Jalo, yana jiran ranar da zai sake zaginsa. Har aka binne Jalo ranar ba ta zo ba.

Darasi: In ka san akwai aibi a abin da ke hannunka, ka faɗa kafin ɗan'uwanka ya ɗauka, ko da duk gari zai yi maka dariya. Kunyar a ce an cuce ka ta 'yan kwanaki ce, amma abin da shirunka zai jawo wa wani ba ya gyaruwa. Ka tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila a cikinsu akwai wanda ke rufe wata tsaga yanzu haka, yana fatan ba za ta buɗe a hannun kowa ba.